Huckleberry Finn: wuraren da mai karatu kan yi tuntuɓe

Jama'a, barkanmu da yamma. Littafin da ke gabanmu yau na Mark Twain ne, Huckleberry Finn, wanda ya fito a Ingila ƙarshen 1884, a Amurka kuma farkon 1885. Babi 43 gare shi, kuma kusan wuri ɗaya masu karatu kan yi tuntuɓe.

Na farko harshe. Twain da kansa ya rubuta a goshin littafin cewa ya zuba karin harshe iri-iri, har bakwai in ka ƙirga. Maganar Jim, bawan Miss Watson, an rubuta ta yadda take fita daga baki, don haka ƙamus ba zai fisshe ka ba. Ka ɗaga murya ka karanta, kunne zai kama abin da ido ya kasa. Ga kuma kalmar nan ta ƙasƙanta baƙar fata, ta zo fiye da sau 200. Rai zai ɓaci, kuma ya kamata ya ɓaci, domin haka farar fatan Missouri ke magana a zamanin bauta.

Ku ajiye taswira kusa. Huck, yaron da ke ba da labarin, da Jim da ya gudu daga bauta suna bin kogin Mississippi a kan katakan da aka ɗaɗɗaure kamar gado, niyyarsu su tsaya a garin Cairo na Illinois, inda kogin Ohio ya haɗu da shi, su haura zuwa jihohin da ba a bauta. Hazo ya rufe su a babi na 15, suka wuce garin ba su sani ba. Wanda bai lura da wannan ba zai ɗauka yawon shaƙatawa ake yi, alhali kowace wayewar gari ruwa na ƙara tura Jim kudu, tsakiyar ƙasar bayi.

Babi na 31 nan ne zuciyar littafin. An sayar da Jim kan dala 40. Huck ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa zai tona inda yake, ya riƙe takardar hannunsa na rawa, sai ya yaga ta. Ku lura da kyau: yaron ya yarda zunubi ya aikata, ya yarda wuta zai shiga. Haka aka tarbiyyantar da shi. Mai karatu ne ke ganin daidai ya yi, shi bai gani ba.

Daga nan sai Tom Sawyer, abokin Huck, ya ɓullo, ya mai da kuɓutar da Jim wasan yara, da macizai da ɓeraye da haƙa rami, babi wajen goma. A nan mutane da yawa kan ajiye littafin. Marubucin Amurka Ernest Hemingway ma ya ce a tsaya inda aka sace Jim. Ni dai shawarata ku daure zuwa babi na 42, inda Tom zai faɗi cewa Miss Watson ta rasu wata biyu da suka wuce, ta kuma 'yanta Jim a wasiyyarta. Tun ranar da ya iso gonar Phelps, inda ake tsare da Jim, Tom ya san da haka, ya yi shiru.