Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano daga Kwamitin Lafiya na Mazaɓa

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai, masu unguwanni, malamai da iyayenmu mata, muna gaisuwa.

Ranka ya daɗe, barka da sauka. Aikinka ba ya buƙatar kirari, kowa ya shaida. Don haka ga kukanmu tun da wuri: asibitinmu na sha-ka-tafi yana buƙatar firjin rigakafi mai aiki da hasken rana.

Mutanen nan ba baƙin yaƙi da cuta ba ne. Dattawanmu sun ga agana, wasu har yau da tabonta a fuska, kafin a tabbatar da kawar da ita daga duniya a 1980. Kurkunu ya kama sama da mutum 650,000 a Najeriya a 1988, amma tun 2008 ba a sake ganinsa ba. Shan-inna ta nakasa sama da yara 1,000 a 2006, sai ga shi a 2020 an wanke ƙasar nan daga nau'inta na asali. Matanmu ne suka bi gida-gida cikin rana, masu unguwanni suna lallashin magidanta. A lokacin motocin jami'an lafiya ba sa yanke mana. Da takardar shaidar kawar da cutar ta fito, sai aka ɗauke ƙafa.

Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo, Kano ta fi kowa ji a jika, kuma yawancin yaran da ya kama ba su cika allurar Penta mai kariya daga mashaƙo da wasu cututtuka huɗu ba. Sau uku ake yin ta: sati 6, 10 da 14. Dole a ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8. Zafi yana rage mata ƙarfi, daskarewa kuwa tana kashe ta ɗungurungum. Da yake ba firji, ma'aikaci ke hawa babur ya ɗauko ta daga ma'ajiyar ƙaramar hukuma a akwatin sanyi, in an kwantar da ita jikin ƙanƙarar da ba ta fara narkewa ba ta lalace. Rana ɗaya ake rigakafi a mako, uwar da ta kuskure ranar da wuya ta dawo. Jaririn da aka haifa washegari kuma ya rasa allurar ciwon hanta da ake so ya samu cikin awa 24.

Muna kuma roƙon ƙarin ungozoma, da gyaran rijiyar burtsatse kafin damina saboda amai da gudawa. Amma in abu ɗaya za a ba mu, ranka ya daɗe, firjin nan ne. Ɗakin da za a sa shi a share yake, mun kuma ɗauki nauyin mai gadi.

Allah ya mai da kai gida lafiya.