Kunun Madara da Shinkafa: Abin da Ke Sa Ya Yi Kauri da Abin da Ke Ɓata Shi

Assalamu alaikum. Uwargida, yau tukunyarmu ta kunun madara da shinkafa ce, wanda ake sha da cokali a buɗa-baki, ranar Sallah, walimar sauka ko suna. Mutanen Indiya na ce wa nasu kir, a Masar kuma ruz bi laban. A Kebbi kayan haɗinsa a ƙofar gida suke: ga shinkafar fadamar Argungu da Suru, ga madara daga ruga.

Tun a kasuwa ake ɓata wannan kunu. Ki sayi shinkafar tuwo, ɗanya, wadda ba a turara ba. Karyayyiya ma ta fi, kuma ta fi araha. Shinkafar da aka turara, irin ta dafa-duka, an riga an ɗaure sitacinta a cikin ƙwaya, ko awa biyu ta yi a wuta ba za ta saki danƙo ba. Sai ki ga ƙwaya ta kwanta a ƙasa, madara na yawo a sama.

Ga awon mutum shida zuwa takwas, da gwangwanin madara: shinkafa gwangwani 1, ruwa gwangwani 3, madara lita 1 da rabi, sukari rabin gwangwani, gishiri ɗan tsunkule, kanumfari ƙwaya 3, da guntun kirfa. In madarar gari ce, gwangwani 2 da rabi za ki dama da ruwan ɗumi har ya kai lita ɗaya da rabi. Tafasasshen ruwa na sa ta gudaji.

Madarar, ki tabbata sabuwar tatsa ce, kuma ki tafasa ta da wuri, domin ɗanyar madarar shanu kan ɗauko cuta, har da tarin fuka. Nono da kindirmo ba sa shiga nan. Tsamin da ke cikinsu, da ya ji wuta sai su tsinke.

Ki wanke shinkafa sau ɗaya ko biyu, ki jiƙa ta minti 30. Ki dafa ta da ruwan nan da gishiri a tukunyar dalma mai kaurin gindi. Ki ɗauki ƙwaya ki murje tsakanin yatsa biyu. In ta baje ba tsakuwa a ciki, to lokacin madara ya yi. Ki zuba ta da ɗuminta, ki jefa kanumfari da kirfa, sannan ki rage wuta. Mai gawayi ta kwashe rabin garwashin.

Daga nan aikin muciya ne, minti 30 zuwa 40. Ki tabbata muciyar na shafar gindin tukunya da gefenta kowane minti biyu ko uku. Furotin da sukarin madara suna kwanciya a ƙasa, su ne ke kamu. Idan kika ji ƙauri, kul kika kankare. Juye na sama a wata tukunyar nan take, ki bar ƙanzon inda yake, in ba haka ba ɗacin zai bi duka kunun.

Sukari kuwa sai shinkafa ta gama narkewa, minti biyar kafin saukewa. In ya shiga da wuri yana riƙe ruwa, ƙwayar ta daina laushi. Citta ma a kula: ɗanyarta na da sinadarin da ke daskarar da madara mai ɗumi, don haka garin busasshiya ya fi, kaɗan. Tsamiya da lemon tsami da muka saba sa wa kunun gyaɗa, a nan ba su da gurbi.

Yaushe za a sauke? Tun yana zuba daga ludayi. Yana ƙara kauri sosai in ya huce, wanda ya yi daidai a wuta kuwa zai koma kamar tuwo a kwano. In haka ta faru, ɗan madara mai ɗumi zai sassauta shi. Ki tsame kanumfarin, ki watsa yankakken dabino, zabibi ko gogaggiyar kwakwa.

Masu girkin biki, nan ne haɗarin yake. Dafaffiyar shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe irinta, kuma tana hayayyafa a abinci mai ɗumi-ɗumi. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, kada kunun ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a ajiye. Babbar tukunya ba ta hucewa da wuri, sai a juye a faranti masu faɗi a sa firij. In babu wutar lantarki, a ɗora shi daf da zuwan baƙi, a raba shi da zafinsa.