Salwa Rauda Shukair, Mai Sassaƙa Ƙasida da Katako da Dutse

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau yana kan Salwa Rauda Shukair, gwanar sassaƙa 'yar ƙasar Labanan, wadda aka haifa a Beirut a 1916, ta kuma rasu a 2017 tana da shekara 100 a duniya.

Abin da ya juya akalar aikinta shi ne zaman da ta yi a Alƙahira a 1943, inda ta riƙa zagaya tsofaffin masallatai tana nazarin zayyanar da ke jikinsu, wadda babu siffar mutum ko dabba a cikinta, sai layi da da'ira da lissafi. Shi ya sa ko da ta je Paris a 1948 ta shiga ɗakin koyarwar Fernand Léger, shahararren mai zane ɗan Faransa, ba ta yarda cewa Turawa ne suka ƙago fasahar da ba ta kwaikwayon halitta ba. Ta tsaya kai da fata cewa Larabawa da Musulmi sun daɗe da ita.

Hujjarta mafi ƙarfi, a ganinmu, ita ce jerin sassaƙen da ta kira ƙasidu. Duk wanda ya haddace ƙasida ya san kowane baiti yana iya tsayawa da ma'anarsa, alhali yana ɗaure da 'yan'uwansa. Haka take fafe guntayen katako ko dutse, kowanne da lungu da saƙonsa, ta ɗora wannan kan wancan har su shige juna su tashi tsaye, kuma idan an sauke su an ware, kowane guntu cikakken aiki ne.

Yaƙin basasar 1975 zuwa 1990 bai kore ta daga Beirut ba. Akwai ma wani zanenta da fashewar bam ta huda, ɓarɓashin gilashi ya maƙale a jikinsa, aka bar shi a haka.

Sai dai yabo ya zo a makare. An yi babban baje kolin ayyukanta a Beirut a 2011, sannan gidan baje kolin zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya yi nasa a 2013, tana dab da cika shekara 97, bayan cutar mantuwa ta riga ta kama ta. Kasancewarta mace, da kuma riƙo da salon da masu saye a ƙasarta ba su saba da shi ba, suna cikin abubuwan da suka jawo wannan jinkiri.