Faɗin guguwar teku da sanyin da take bari a bayanta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan mahaukaciyar guguwar teku ne, wadda a Amurka ake ce wa harikan, a Japan da Filifin kuma taifun. Duk sanda aka zo labarinta abin da za ka ji ana tambaya shi ne gudun iskarta nawa, mataki na uku ce ko na biyar a ma'aunin ƙarfin iska mai matakai biyar? Faɗinta fa? Ba mai tambaya, kuma wallahi a wajen teku faɗin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Bari mu fara daga tushe. Guguwar nan abincinta ruwan ɗumi ne, sai saman teku ya kai wajen digiri 26 da rabi kafin ta samu ta tsaya da ƙafarta. To amma ɗumin nan a sama-sama yake, kamar dai ka bar bokitin ruwa a rana, ka taɓa sama ka ji zafi, ka tura hannu ƙasa ka ji sanyi. Ka sa sanda ka juya bokitin, me zai faru? Na ƙasa ya hau, na sama ya sauka, saman ya huce. Abin da iskar guguwa take wa teku ke nan, kuma mafi yawan sanyin daga wannan gaurayar yake zuwa, tururin da ke tashi nasa kason kaɗan ne. Bayan ta wuce tauraron ɗan'adam yana hango layin ruwan sanyi a inda ta bi, wani lokaci digiri 1, wani lokaci har 6, ya yi kwanaki ko ma makonni kafin rana ta sake ɗumama shi.

To ina faɗi ya shigo? Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Guguwa biyu, gudun tafiyarsu ɗaya, kilomita 20 a awa. Ta farko faɗin iskarta mai ƙarfi kilomita 100 ne, ta biyu 600. Ku zaɓi wuri guda a teku ku tsaya a kai. Ƙaramar awa 5 za ta yi tana dukan wurin ta wuce, babbar kuwa awa 30, sama da kwana guda tana ta juya ruwan nan ba hutawa, kuma ba gauraya kaɗai ba, iskar da ke zagaye tana ture ruwan sama ya watse gefe, na ƙasa mai sanyi ya taso ya cike gurbi, kuma wannan tasowar sai da lokaci take kankama, ƙaramar guguwa mai sauri ba ta ma jira ta gani ba.

Wurin da ya fi burge ni shi ne nan. Babbar guguwa iskarta tana rigan idonta isa gaba da awanni da yawa, wato kafin tsakiyarta ta iso ta riga ta sanyaya ruwan da za ta ci. Da hannunta take rage wa kanta abinci, sai ka ga ƙarfinta ya ƙi ƙaruwa.

Kuma kada ku ɗauka bambancin faɗin ɗan kaɗan ne. Taifun Tip ta Oktoban 1979 a yammacin tekun Fasifik faɗinta ya kai wajen kilomita 2,200. Tracy da ta ragargaza birnin Darwin na Ostireliya a Kirsimetin 1974, iskarta mai ƙarfi ba ta wuce kilomita 50 daga tsakiya ba.

Ku lura kuma, sanyin ya fi yawa a hannun dama na hanyar guguwar, haka yake a arewacin duniya, a kudu kuma hagu, saboda juyawar duniya tana karkatar da ruwan ta ɓangaren da iskar ita ma take juyawa, sai su haɗa ƙarfi.

Sai dai fa faɗi ba shi kaɗai ke magana ba. In ruwan ɗumin ya yi zurfi, ko an juya ɗumi ne zai taso. Guguwar Katrina ke nan a Agustan 2005, babba ce, amma ta bi ta kan wani rafin ruwan ɗumi mai zurfi a tekun Mekziko, ruwan bai huce sosai ba, ta haura har mataki na 5.