Amsoshin Tambayoyinku: Idan Zuciyar Likita Ta Karkata Ga Majinyaciyarsa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Tun da muka taɓo zancen Sigmund Freud a makon jiya, wato likitan nan na birnin Viyana a ƙasar Ostiriya da ya ƙirƙiro jinyar damuwar zuciya ta hanyar zance, wadda ake kira saiko-analisis, wasiƙu suke ta shigowa. Ta farko daga Zariya ta fito, daga wani ɗalibi mai karatun halayyar ɗan Adam. Ga abin da ya ce: "Malam, an koya mana cewa majinyaci yakan kamu da son likitansa a irin wannan jinya. To idan likitan ne ya ji sha'awar majinyaciyar fa, yaya aka ce ya yi? Ko su likitocin ba sa ji ne?"

Suna ji mana, ɗan'uwa. Dubi yadda aikin yake. Mace ta zo ta kishingiɗa a doguwar kujera, likita yana zaune ta wajen kanta inda ba ta ganin fuskarsa, an rufe ƙofa. Minti 50, sau huɗu ko biyar a mako, wani lokaci har shekaru. An ce mata ta faɗi duk abin da ya zo mata a rai, kada ta tace. Tana faɗa masa mafarkinta, da abin da ba ta taɓa faɗa wa mijinta ko uwarta ba. Wanda ya ce zuciyar ɗan Adam ba za ta motsa a nan ba, bai san zuciya ba.

A 1986 wasu masana uku a Amurka, Pope da Keith-Spiegel da Tabachnick, suka tambayi masu jinya ta hanyar zance su 575. Kashi 87 cikin 100 suka amsa cewa sun taɓa jin sha'awar wanda suke yi wa jinya: maza kashi 95, mata kashi 76. Waɗanda suka kai ga aikatawa kaɗan ne, kashi 9.4 na maza da kashi 2.5 na mata. Amma kashi 63 sun ce jin kawai ya jefa su cikin kunya ko fargaba ko ruɗewa, kuma kashi 9 ne kacal suka ce an koyar da su yadda za su yi da shi sosai a makaranta. Ka ga ke nan, ɗan'uwa na Zariya, ba ajinku kaɗai aka tsallake wannan babi ba.

Matsalar kuwa tun ranar gini tun ranar zane. A 1904 aka kwantar da wata budurwa 'yar Rasha mai shekara 18, Sabina Spielrein, a asibitin Burghölzli da ke birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, a hannun Carl Jung, wanda daga baya ya zama babban almajirin Freud. Ta warke, ta shiga karatun likita, amma tsakaninta da Jung, magidanci mai mata, abu ya wuce na likita da majinyaciya. Masana tarihi suna jayayya kan iyakar inda suka kai. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, da magana ta fasu a 1909, Jung ya rubuta wa mahaifiyarta cewa in tana son ya tsaya a matsayin likita kawai, to a riƙa biyansa kuɗin ganin likita. Ku ji fa! Da ya kai kuka wurin Freud, Freud ya rarrashe shi, ya ce shi ma ya sha tsallake rijiya da baya. A ganina malamin ya fi tausaya wa almajirinsa a kan yarinyar. Ita kuwa ta zama ƙwararriyar masaniya a fagen, har sojojin Nazi suka kashe ta tare da 'ya'yanta mata biyu a birnin Rostov na Rasha a 1942. Wani almajirin, Sándor Ferenczi na Hangari, a 1911 ya faɗa son Elma, majinyaciyarsa, alhali yana tare da mahaifiyarta, wadda daga baya ya aura.

Irin waɗannan ne suka sa Freud ya zauna ya rubuta ƙa'ida a 1915. Ya ce wa likita: kada kanka ya kumbura, son da take yi maka ba kyanka ne ya jawo shi ba, yanayin jinyar ne; tsohuwar ƙishirwa ce ta ƙuruciya, ta uba ko ta uwa, ta juyo kanka. Kada ka tsawata mata ta binne shi, kada kuma ka biya mata shi. A bar shi a fili a bincika daga ina ya taso. Game da abin da ke tasowa a zuciyar likitan kansa, tun 1910 ya ce dole ya gane shi ya kuma rinjaye shi. Daga nan aka kafa sharaɗin cewa duk mai son wannan aiki sai shi ma ya kwanta a kujerar an tone shi tukuna.

Sai dai "ka rinjaye shi" ya koma "ka ɓoye shi" a wurin da yawa. Wata likitar wannan fanni, Paula Heimann, ce a Landan, a 1950, ta ce a'a, abin da likita ke ji kayan aiki ne, yana iya nuna masa abin da majinyaci ya kasa faɗa da baki. A 1959 wani likitan, Harold Searles, a Amurka ya fito ya rubuta cewa shi kam yakan ji so, har da tunanin aure, game da majinyatansa. Yadda ake koyarwa yau ke nan: likita ya amsa wa kansa cewa ya ji, ya tambayi kansa me ya sa yanzu, me ya sa wannan matar. Wataƙila ita tun tana yarinya ta koyi cewa ba a kula ta sai ta ja hankalin namiji. Wataƙila kuma shi ne gidansa ba lafiya, ko kaɗaici ya dame shi, ita ba ruwanta. Sa'an nan ya ɗauki maganar ya kai wa babban likita mai duba aikinsa, ko ya koma jinyar kansa. In abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa ta ga wani likita cikin mutunci, ba tare da ta ji kamar ita ta yi laifi ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi. Ta ce: "Ni dai na ga wannan kamar ba kura ajiyar nama ne. Amma in ya ji yana sonta tsakani da Allah, me zai hana ya dakatar da jinyar ya aure ta, a huta?"

Hajiya, tambayarki ta yi ma'ana, amma masu wannan sana'a sun ce ba a hutawa. Dalilinsu shi ne ba a tsaye suke daidai ba. Ya san duk inda rauninta yake, ita ba ta san komai nasa ba sai abin da ta zana a ranta. Amincewar da za ta yi a wannan hali ba cikakkiya ba ce, kuma ranar da ya zama miji ko saurayi, ta rasa likita. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta haramta kusantar majinyaci ƙarara a 1977, daga baya ta ƙara cewa ko an gama jinya sai an shekara biyu, kuma ko bayan nan sai a wani yanayi da ba kasafai ba, likitan ne kuma zai tabbatar bai ci da gumin rauninta ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta can ta fi tsanani: majinyaci na yanzu ko na da, babu hanya har abada. Kotu ma ta shiga. A 1975 wata mata, Julie Roy, ta yi nasara a kotun New York a kan likitanta Renatus Hartogs, wanda ya kwana da ita da sunan magani. Jamus ta mai da abin laifi a dokarta a 1998. Ko tsohuwar rantsuwar likitocin Girka, ta Hippocrates, ta hana likita neman kowa a gidan da ya shiga yin magani, mace ko namiji, ɗa ko bawa.

Na ƙarshe wani ne daga Kumasi, ya tambayi abu biyu: shin likita ya gaya wa majinyaciyar abin da yake ji, kuma yaya ita za ta gane an fara kauce hanya?

Na farkon an yi muhawara a kansa a shekarun 1990, wasu ƙalilan suka gwada faɗa. Mafi yawa sun ce a'a, ni ma can na karkata. Ta zo sauke kayanta, sai ka ɗora mata naka? Na biyun kuwa, wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Thomas Gutheil da Glen Gabbard, sun bayyana a 1993 cewa ba a faɗawa ramin nan da tsalle ɗaya. Minti 50 ya zama awa ɗaya da rabi. An mayar da ita ta ƙarshe a layi, bayan sakatariya ta tashi. An yafe mata kuɗi. Likita ya fara ba ta labarin rikicinsa da matarsa, ya fara kiranta da dare, sallama ta koma runguma. Kowanne shi kaɗai ana iya samar masa uzuri, amma in ya ce "wannan ya tsaya tsakaninmu", to ta tashi. Tana da ikon daina zuwa a ranar, ta nemi wani likita, ta kuma kai ƙara hukumar da ta ba shi lasisi.

Lokaci ya cimma mana. Sauran wasiƙun, har da ta mai tambaya kan fassarar mafarki a wurin Freud, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.