Tagar da Ta Ƙi Rufuwa: Kafin Ka Kira Mai Walda, Duba Gindin Bango

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka.

Ku ɗauka ga wata taga a gabanmu. Bara war haka da yatsa ɗaya ake tura ta ta rufe. Yau sai maigida ya sa kafaɗa, sakatar ma ba ta shiga raminta. Abin da muka saba yi a nan Sakkwato shi ne a kira mai walda ya goge bakin ƙarfen da inji, taga ta rufe, a sallame shi. Damina ɗaya sai ta sake cijewa. Sau da yawa taga 'yar aike ce kawai, saƙo ta kawo daga ƙasan gini, kuma saƙon nan nake so mu iya karantawa yau.

Amma bari mu fara da ciwon da nata ne na kanta, don shi ba ya cin kuɗi. In tagar almini ce mai zamewa, duba hanyar da tayoyinta ke bi. Ƙurar hunturu ta wata uku tana cika wurin har ta daskare. Ka share da tsohon buroshi, ka goge da ɗanyen tsumma, kada ka zuba mai, don mai da ƙura in sun haɗu ƙullu suke zama. A ƙasan firem ɗin daga waje akwai 'yan ƙananan huji, an yi su ne don ruwa ya fita. In sun toshe, ruwan sama cikin ɗaki zai dawo, ka ga bango ya jiƙe a ƙarƙashin taga. Tsinke ya isa ya buɗe su. In ta ƙarfe ce, kankare tsatsar da sanfefa, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa kafin na ado, a ɗiga baƙin mai a hinji. Ta katako kuwa da damina kumbura take, da hunturu ta tsuke, saboda haka kada kafinta ya fere ta a watan Agusta, in ba haka ba watan Janairu za ka ga rata da iska ke shigowa. Ratar da ke tsakanin firem da bango, in ƙarama ce silikon ya toshe ta, in babba ce sai kwaɓin siminti.

To, in ka yi duk wannan taga ba ta saki ba, ɗaga kanka ka dubi kusurwarta ta sama. Ka ga tsagar nan da ta tashi daga kusurwa ta yi sama a karkace, tana bin layin bulo kamar matakala? Wannan ita ce maganar. Taga da ƙofa su ne wuri mafi rauni a jikin bango, in harsashi ya zauna ta gefe ɗaya, a nan bango ke fara buɗe baki. Firem ya murɗe, taga ta cije, wani lokaci gilashi ya fashe ba wanda ya taɓa shi.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kada hankalin kowa ya tashi. Akwai siririya kamar gashi, mai yaɗuwa kamar saƙar gizo a fuskar filasta. Wannan filastar ce ta bushe da gaggawa, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba abin mamaki ba ne. Akwai kuma wadda ke kwance a saman taga daidai wurin linta, wato kankaren da ke ɗauke da bangon saman taga, wani lokaci lintar ce aka yi gajera. Kamata ya yi ta hau bango aƙalla inci 6 ta kowane gefe. Wadda nake jin tsoro ita ce mai karkata, mai faɗi a gefe ɗaya da tsukewa a ɗaya, wadda in ka shiga ɗaki ka same ta ta ratsa har ciki.

Ga abin da za ka yi, kuma ko sisi ba za ka kashe ba. Ɗauki fensir ka ja layi a inda tsagar ta ƙare, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka liƙa ɗan kwaɓin siminti marar kauri a kan tsagar wuri biyu ko uku. Duk bayan mako biyu ka leƙa. In liƙin bai fashe ba har damina da rani suka wuce, gini ya gama zamansa, sai a buɗe tsagar a cike. In ya fashe, ko tsagar ta wuce layin fensir, ƙasa na nan tana motsi, kuma duk filastar da ka shafa a kai rufe ido ne kawai. Wannan ne ke ba ni takaici ƙwarai: mutum ya shafe tsaga ya yi fenti ya zuba iyalinsa a ciki, ko ya ba wani bawan Allah haya.

Me ke motsa ƙasar? Kusan kullum ruwa ne. Ruwanmu na shekara a 'yan watanni yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, ƙarfinsa a Agusta, bayan ƙasa ta yi wata bakwai ko takwas tana ƙonewa. Inda ƙasar laka ce, kamar filayen da ke gangarawa fadamar gulbin Rima, in ta sha ruwa kumbura take, in ta bushe ta tsuke ta dare, gini kuwa yana kanta yana hawa da sauka. Inda tsohon kududdufi ne aka cike da shara aka yanka fuloti, ƙasar ba ta gama kwanciya ba aka ɗora mata nauyi. Wanda ya zauna Mabera ya san yadda ruwa ke kwana a gindin katanga.

Saboda haka ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ya ɗauke, fita ka zagaya gidanka. Ina indararo ke zuba? Ina ruwan kwano ke sauka? In a gindin bango ne, ga ɓarawonka nan. Duba lambatu ko ya toshe, duba bututun famfo da na bayi ko suna yoyo a ƙarƙashin ƙasa, duba nisan sokawe da bango. Dogon yaron da ke ba ka inuwa ma, in ya matso jikin gini, saiwarsa na tsotse danshin laka ta gefe ɗaya.

Maganin farko shi ne a kori ruwa. A cike gindin bango da jar ƙasa, a daddaɓe ta sosai, a yi mata gangare zuwa waje, kamar inci 6 a cikin ƙafa 10. A zuba daɓen kankare zagaye da gida, faɗin ƙafa 2 zuwa 3. Kwaɓin da aka saba shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Simintin Kalambaina a ƙofar gida muke da shi, amma komai kyansa in ba a ba shi ruwa ba gari zai koma. Kwana 7 ana yayyafa masa safe da yamma, a rufe shi da buhu saboda rana. Gidaje da yawa daga nan tsagarsu ke tsayawa.

Masu ginin ƙasa a cikin gari, wajen Ƙofar Marke da Ƙofar Kade, ku saurara. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa. In an lulluɓe shi da filastar siminti, danshi na shiga ta baya ya rasa hanyar fita, waje lafiya lau, ciki kuwa ya zama kunu. Ƙwanƙwasa da hannu, in ka ji yana amsawa kamar ganga, filastar ta rabu da bango. A ɓamɓare ta, a bar wurin ya sha iska, a sake yaɓe, a ƙara wa indararo tsawo.

In kuwa tsaga ta kai yatsa ya shiga, ko bango ya yi ciki, ko daɓen ɗaki ya nutse ta kusurwa ɗaya, don Allah a fitar da yara daga ɗakin nan a daren, a nemo injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya. Ƙarfafa harsashi aiki ne da ake yi gaɓa-gaɓa: a haƙa kamar mita 1, a zuba kankare, a bari ya yi ƙarfi, sannan a tsallaka wani wuri. Duk maginin da ya ce zai tone gindin bangon gaba ɗaya rana guda, maigida, ka dakatar da shi tun bai sa diga ba.

Lokacin wannan aikin shi ne bazara, Maris zuwa Mayu, ƙasa a bushe, kafin hadarin farko ya taso daga gabas. Ita kuma tagar, a bar ta sai ƙarshe. In gindi ya tsaya, sai a cire firem ɗin, a daidaita shi da ma'auni, a mayar.