Dala 700 don kama kifi a Montana: ina kuɗin ɗan jagora ke tafiya?

[Kwalekwale na gangarawa a kogin Madison da sassafe]

Assalamu alaikum jama'a. 'Yan kwanakin nan tambaya ɗaya ake ta turo min tun da hotunan masu kamun kifin Amurka suka fara yawo a wayoyinmu, wai da gaske ne mutum zai biya ɗan jagora dala 700 a wuni ɗaya don ya kai shi kamun kifi, kuma bayan an gama a ce sai ya ƙara masa wani abu a kai? Wasu ma cewa suke damfara ce. Toh ba damfara ba ce, amma akwai wuri guda a lissafin da kusan kowa ke yin tuntuɓe, kuma a nan za mu daɗe yau. Sauran za mu bi su da gudu.

Da farko ku kalli hannun mutumin nan. Wannan ba fatsar da muka sani ba ce mai tana a baki. Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaron ruwa, ba ta da nauyin da za a iya jifa da ita, saboda haka igiyar ce ke da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a iska sannan a kwantar da ita a kan ruwa a hankali. Sandar kuwa yawanci ƙafa 9 ce. Kun ga yadda igiyar ke lanƙwasa? Wallahi abin sha'awa ne, amma ranar farko a kunnenka ko a hularka ƙugiyar za ta fi yawan sauka, shi ya sa za ku ga kowa da tabarau da hula. Kifin da ake nema sunansa tirawut, kifin ruwan sanyi ne, kuma jihar Montana ta Amurka na cikin wuraren da suka fi suna da shi a duniya, kogunan Madison da Yellowstone da Missouri da Bighorn duk a can suke. Tun 1974 jihar ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, na ciki haifaffun ruwan ne, wayayyu ne, ba sa cin ƙugiya haka kawai. Dalilin neman ɗan jagora kenan.

[Allon farashi a shagon kayan kamun kifi]

Farashi. A shekarun nan wuni cikakke a kwalekwale yana kamawa wajen dala 600 zuwa 750, ya danganta da gari da kuma lokaci. Rabin wuni kuma kada ku ce rabin kuɗi ne, a'a, sau da yawa sai ka ga wajen dala 450 zuwa 550, don ko awa huɗu za a yi sai ɗan jagora ya ja kwalekwalensa zuwa bakin ruwa ya ƙona mai, kuma da wuya ya samu wani ya cike masa ragowar ranar. Ni dai a ganina in ka riga ka yi wannan doguwar tafiya har Montana, biya na wuni cikakke kawai, ya fi riba.

Wannan kuɗin kuma na kwalekwale ne ba na kai ba. Kamar shatar mota ce, ko kai kaɗai ka shiga ko ku biyu kuɗin kusan ɗaya ne. Ku duba zaman nan, ɗan jagora a tsakiya yana tuƙi da filafilai biyu, mai kamu ɗaya a gaba ɗaya a baya, shikenan wuri ya cika. In ku uku ne sai dai a ɗauko kwalekwale na biyu da ɗan jagora na biyu, kuɗi ya ninka. Saboda haka ka nemi aboki ɗaya ku raba.

Me ke ciki? Tuƙi da koyarwa, abincin rana da ruwan sha a cikin kular sanyi in wuni cikakke ne, mota daga shago zuwa kogi, sau da yawa har aron sanda. Ƙugiyoyin ƙwarin nan wasu suna haɗawa a ciki wasu kuma lissafa maka za su yi da yamma, dala 2 zuwa 3 kowace ɗaya, kuma sabon shiga yana iya barin goma a kan bishiyoyi kafin azahar. Dogon wandon roba na shiga ruwa shi ma wani wurin haya ne. Af, kafin in manta, maganar abincin rana, ku faɗa musu tun ranar da kuka kama wuri cewa ba ku cin naman alade, don burodi da yankan nama shi ne abincin kwalekwale kuma sau tari na alade ne a ciki. Ba sa jin haushi ko kaɗan, sun saba da masu zaɓen abinci. Haka in lokacin sallah ya yi ka ce ya ɗan tsaya a gaɓa, ga ruwa nan fes.

Abin da ba ya ciki har abada shi ne lasisi. Hukumar kula da kifi da namun daji ta Montana ce ke bayarwa, da sunanka, kuma ga baƙo takardu uku ne a haɗe, ta kiyaye muhalli, ta kamun kifin kanta, da wata ta yaƙi da baƙin halittun da ke lalata ruwa. Na wuni ɗaya gaba ɗaya dala 30 da 'yan kai ne, ana saya ta intanet ko a shagon. In kuma cikin gandun dajin Yellowstone na gwamnatin tarayya za ku shiga, lasisin jiha ba ya aiki a can, nasu daban ne.

[Ɗan jagora yana wanke kwalekwale da yamma]

Yauwa, yanzu mun iso wurin. Ku ɗan gyara zama.

Mutane na ganin dala 700 sai su ɗauka cewa mutumin nan mai hula da ya yi ta tuƙa su, da yamma zai naɗe 700 ɗin nan ya zura a aljihu. Ba haka ba ne. A dokar Montana ɗan jagora ba ya karɓar baƙi da kansa, dole ya yi aiki a ƙarƙashin wani mai lasisin shirya irin wannan fita, akwai ma hukuma ta musamman a jihar da ke ba su lasisi su duka biyun. Shi wannan mai gidan, wanda galibi shi ne mai shago ko mai masauki, shi ka biya. Shi ke talla, shi ke ɗaukar waya, shi ke riƙe da takardun izini, don haka sai ya cire kasonsa tukunna sannan ya miƙa wa ɗan jagora saura.

Toh sauran nan ma ba riba ba ce zalla. A wurare da yawa kwalekwalen nasa ne, da kuɗinsa ya saya, dubban daloli. Tirelar ja tasa ce, motar tasa ce, man da aka ƙona zuwa da dawowa daga aljihunsa. Ku duba taswirar nan, an shiga ruwa a nan an fita a can ƙasa, kilomita 15 ko 20 tsakani, wa zai kawo motar da tirela daga sama zuwa ƙasa? Akwai masu wannan sana'ar, biyansu ake yi kullum, kuma sau da yawa shi ke biya. Abincin da ka ci da rana wani lokacin shi ya saya, ko shi ya haɗa da asuba. Ƙugiyoyin da ka bari a bishiya, wasu da hannunsa ya naɗa su cikin dare. Ga lasisinsa na shekara, ga takardar horon taimakon gaggawa, ga inshora. Kuma duk wannan sana'ar 'yan watanni ce, kasuwa tana ci ne daga wajen Yuni zuwa Satumba ko Oktoba, da sanyi ya kankama ƙanƙara ta sauko baƙi sun watse. Abin da ya tara a watannin nan da shi zai ci shekara, ko ya nemi wani aikin na hunturu.

Shi ya sa tukwici a wannan harka ba kyautar ganin dama ba ce kamar yadda muke ɗauka, an riga an gina farashin ne da sanin cewa zai zo, wani ɓangare ne na ladan aikin mutumin. Abin da aka saba shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin wunin. A kan dala 700, kashi 20 ya kama 140. Kuma na kwalekwale ne shi ma, ba wai kowannenku zai bayar da 140 ba, ku biyu ku haɗa saba'in saba'in. Babu ɗan sandan da zai kama ka in ka hana, babu wanda zai tare maka hanya, zai ma yi maka murmushi ya ce ka sauka lafiya, amma ka sani ka rage wa ma'aikaci haƙƙin guminsa ne, kuma wannan abu ne da bai kamata a san mu da shi ba.

Ni kaina da za a tambaye ni, na fi son a rubuta farashi guda a allo a gama magana, kowa ya san abin da zai biya. Amma tsarin ƙasar kenan, haka yake a gidajen abincinsu ma, kuma wanda zai ji jiki in ka yi fushi da tsarin ba mai shago ba ne, wannan bawan Allah ne da hannunsa ya yi kanta saboda filafili.

Sai kuskure na biyu da ke manne da wannan, auna tukwici da yawan kifi. A'a don Allah. Kifi ba a hannunsa yake ba. Rana ta yi zafi, iska ta taso, ruwa ya yi laka, kifi ya ƙi ci, wannan ba laifinsa ba ne, hasali ma ranar da kifi ya ƙi ci ita ce ranar da ya fi shan wahala. Ku kalle shi a nan, ya canja ƙugiya, ya sake canjawa, ya tuƙa kwalekwale ya koma sama a kan ruwa mai ƙarfi don ku sake bi ta wani lungu, igiyarka ta cukurkuɗe ya karɓa ya zauna yana warwarewa da farce ba tare da ya ɓata rai ba, sannan ya riƙe hannunka ya nuna maka inda za ka tsayar da sanda. Wannan shi ake dubawa. Ya zo a kan lokaci? Ya koya maka wani abu? Ya kula da lafiyarka a ruwa? In eh, cika masa kashi 20 ko da kifi biyu kuka gani. In kuwa ya wuni yana danna waya ko yana yi maka tsawa, rage, kuma ka gaya wa mai shagon dalili, haƙƙinka ne.

Mu haɗa lissafi a allo, misali ne kawai. Wuni 700, tukwici 140, lasisin mutum biyu wajen 60 da ɗoriya. Kun ga an haura dala 900 kaɗan, wato kowa wajen 450. Wannan ita ce lambar da za ka riƙe a kai tun kana gida, ba 350 da ka samu da ka raba farashin allo biyu ba. Masauki da jirgi da hayar mota ba su shigo ba tukunna.

[Ana sakin kifi a ruwa]

Eh, sakinsa ake yi. Na san wannan wurin yana yi wa da yawanmu ciwo, kifi mai kyau haka! Amma kusan duk 'yan jagora a kogunan nan haka suke aiki, a jiƙa hannu, a ɗaga shi a ɗauki hoto cikin daƙiƙu kaɗan a mayar. Da kowane baƙo zai tafi da nasa da tuni ba a samu na kamawa ba. Don haka kada ka sa kuɗin kifin miya a lissafin ribarka.

Sauran da gudu. Kafin alƙalami, yawanci rabin kuɗi ake ajiyewa don a riƙe maka rana, kuma ka karanta sharaɗin fasawa da kyau, in ka fasa daf da ranar kuɗin ya tafi. Ruwan sama ba ya sa a fasa, fita ake yi, kifin ma ya fi ci in gari ya yi lumshi. Ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni ƙanƙarar duwatsu na narkewa, koguna da yawa su cika su yi laka, sai a canja maka kogi. A tsakiyar zafi kuma, in ɗumin ruwa ya kai maki 73 a ma'aunin Amurka, wajen 23 a namu, kwana uku a jere, hukuma na iya hana kamu daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare saboda kifin na wahala a ruwan ɗumi, sai a fita tun da duku-duku a tashi da wuri, kuma galibi kuɗin wuni bai canja ba, ka tambaya tun farko.

Akwai kuma ƙoramu masu zaman kansu kusa da garin Livingston, irin su DePuy da Armstrong da Nelson, waɗanda ke ratsa gonakin mutane. Can kuɗin shiga ake biya a kan kowace sanda, wato kowane mai kamu, a tsakiyar kakar kamu yana haura dala 100, kuma ƙari ne a kan kuɗin ɗan jagora. Manyan kogunan kuwa dokar jihar ta 1985 ta buɗe wa kowa su har iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika, ba ka biyan mai gona komai muddin ta hanyar jama'a ka shiga.

In ka kira shago ka yi tambayoyin nan kai tsaye, farashin na mutum nawa ne, ƙugiyoyi da sanda suna ciki ko a'a, ƙarfe nawa za a fita a dawo, kuma tukwici ta kati ake bayarwa ko a hannu. Mafi yawansu a hannu suka fi so. Ka ciri kuɗin tun kana cikin gari, irin su Bozeman ko Ennis, da safe ka sa a ambulan cikin ledar da ruwa ba ya shiga, don inda za a fito da kwalekwale da yamma sau da yawa ko sabis na waya babu balle na'urar cirar kuɗi.